Yadda za ka kafa sunan kayanka a wayoyin mutanen Filifin kana zaune a Zariya

Sana'ata fata ce. Shagona yana Tudun Wada, amma ainihin aikin a cikin birni ake yin sa, a zauren wasu dukawa uku da muka daɗe muna hulɗa: jakunkunan mata, walat, bel da gafaka. Ƙanwata ce ta buɗe mini ƙofar Filifin ba tare da ta yi niyya ba. Tana aikin jinya a Jidda, kuma duk wanda ya taɓa shiga asibitin Saudiyya ya san yawan 'yan Filifin da ke wannan aikin a can. Ta je aiki rataye da jakar da na ba ta, abokiyar aikinta ta gani ta yaba, ta sayi biyu ta kai gida tsaraba. Bayan 'yan watanni sai ga saƙo a Facebook daga wata mata a birnin Cebu (haka ake rubuta shi, amma Sebu ake faɗa), kalma biyu kacal: "HM po?" Sai da na kira ƙanwata ta tambayo mini. Ashe cewa take: nawa ne, ranka ya daɗe? Tun daga ranar nake koyon wannan kasuwa, kuma da yake 'yan'uwa masu ɗinkin hula da masu kwalliyar riga suna yawan tsayar da ni a kan maganar, na ga gara in zauna in rubuta ta gaba ɗaya.

Fara da sanin cewa Filifin ba kasuwa ɗaya ba ce. Tsibirai ne sama da 7,600, an kasa su gida uku: Luzon a arewa inda Manila take, Visayas a tsakiya inda Cebu take, sai Mindanao a kudu. Ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 109. Kaya daga Manila zuwa Davao da ke Mindanao sai ya hau jirgi, ko na sama ko na ruwa, kuma harshen da ake yi a gida a Cebu da Davao, wato Bisaya, ba shi ne Tagalog na Manila ba. Don haka kada ka ce za ka yi wa ƙasar duka talla. Zaɓi birni ɗaya, wanda kake da mutum a cikinsa.

Mutumin nan shi ne ginshiƙin komai, kuma zan daɗe a kansa. Idan ba ka da shi, ka dakata da buɗe shafi tukuna.

Dalili na farko kuɗi ne. Mai saye a Filifin yana biya ta GCash ko Maya, manhajojin kuɗi na waya da kusan kowane mai ƙaramin shago a can yake karɓa, ko kuma ya ce sai kaya ya iso hannunsa ya biya mai kawowa, abin da suke taƙaitawa da COD. Duka biyun sai da lambar waya da adireshi na ƙasar. Idan ka ce wa matar da ba ta taɓa ganin ka ba ta tura kuɗi wani banki a Najeriya ta jira sati uku, ka gama rasa ta. Dalili na biyu kuwa, idan jaka ta zo da matsala tana so ta san akwai wadda za ta kira da harshensu, a ƙasarsu. Wakiliyata 'yar'uwar waccan ma'aikaciyar jinya ce, tana da 'yar sana'arta ta sayar da kaya a intanet tun kafin mu haɗu. Mun yi magana ta bidiyo sau da yawa, na zagaya da wayar ta ga shagona, ta zagaya da tata na ga ɗakin da take ajiye kaya. Na fara tura mata guda ashirin kawai. Mun rubuta yarjejeniya a takarda: kason kowa, wa zai ɗauki asarar kayan da aka dawo da su, da ranar lissafi, wadda muka sa kowace Asabar. Idan za ka nemi naka wakilin, bi ta hannun wanda ya san ku duka biyu. 'Yan Filifin da ke aiki a Saudiyya da Dubai da Katar da Kuwait suna da yawa, kuma da wuya a rasa wani ɗan Zariya da ke aiki tare da su. Su kansu ma kasuwa ce: suna da al'adar pasalubong, wato tsaraba, kuma suna cika manyan akwatuna da ake kira balikbayan su aika gida. Sau da yawa ya fi sauƙi kayanka su fara shiga ƙasar ta cikin waɗannan akwatuna kafin ka biya ko sisi na talla.

Abu ɗaya kada ka sake shi ko da wakili ɗan'uwanka ne: mallakar shafin. Kai za ka buɗe shafin Facebook da na TikTok da adireshinka, ka ba wakili izinin rubutu da amsa saƙo, amma ikon cire mutum ko sauya suna ya tsaya a hannunka. Shago a Shopee ko Lazada, manyan kasuwanninsu na intanet, kuwa wakili ne zai buɗe da takardunsa, da rajistar sunan kasuwanci a hukumar cinikinsu ta DTI da ta haraji ta BIR. In kasuwa ta fara kama ƙasa, yi wa sunanka rajista a ofishinsu na rajistar tambarin kaya, IPOPHL, da sunanka kai, domin dokarsu wanda ya riga shigar da takarda take ba wa suna.

Mu a nan WhatsApp ne kasuwarmu. A can ba haka ba ne. Facebook da Messenger ne gidan kowa, sai TikTok, wasu kuma Viber. Lambar WhatsApp da ka liƙa a kan hoto ba za ta kawo maka kowa ba. Ciniki a Messenger yake farawa, a nan yake ƙarewa, kuma wanda ya yi tambaya bai ji amsa ba cikin ɗan lokaci ya wuce shagon gaba. To ga inda agogo ya shigo: suna gabanmu da awa bakwai cif, ba ya sauyawa rani da damina. Ƙarfe biyar na asuba a Zariya sha biyun rana ce a Manila, lokacin da ma'aikata ke hutun cin abinci suna duba waya. Ƙarfe ɗaya na rana a nan takwas na dare ce a can, an dawo gida an ci abinci, kuma lokacin ne ciniki ya fi zafi a shafina. Sai na tsara yinina a kan haka. In na fito daga masallaci da asuba na zauna na amsa saƙonnin da suka taru. Daga sha biyu zuwa uku na rana, ban da sallar azahar, wayar tana hannuna ko hannun yarona. Safiyarsu, da ta faɗo tsakar darenmu, wakiliya ce ke riƙe da ita.

Harshe ya fi sauƙi fiye da yadda na zata, amma yana da tarko. Suna karanta Turanci sosai, domin yana cikin harsunan hukuma tare da Filipino, kuma a intanet cakuɗa shi suke yi da Tagalog, su kira cakuɗin Taglish, kamar yadda yaran Samaru ke haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya. Rubuta Turanci mai sauƙi, gajere, wakili ya zuba masa gishirin gida. Kada ka ɗauki dogon bayani ka ba na'urar fassara ta mayar Tagalog. Abin da take fitarwa yakan yi kama da takardar gwamnati, nan take su gane ba mutum ne ya rubuta ba. Kalmomi kaɗan kuwa ka haddace su da kanka. "Po" ita ce babba: ana saka ta a jimla don girmamawa, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku" maimakon "kai". "Opo" na'am ce ta ladabi. "Salamat po" godiya ce. Mace baƙuwa Ma'am, namiji Sir, in an saba kuma Ate da Kuya, wato yaya mace da yaya namiji. Amsa babu "po" ga wadda ta tambaye ka da "po" tana jin ta kamar an amsa sallama da ka.

Kuma ka ba wakili sunan kayanka da duk kalmar Hausa da za ka saka ya karanta kafin ta fita. Na taɓa ɗora hotunan jakunkuna na rubuta "sabon kaya" a sama, don in ba shafin ƙamshin gida. Sai tambayoyi suka fara zuwa a kan sabulu. A Tagalog "sabon" sabulu ne. Ko adireshin Sabon Gari haka suke karanta shi. "Buta" kuma a Bisaya makaho take nufi. Ban daina sa Hausa ba, domin suna son jin kalmar asali, sai dai yanzu kowace kalma sai ta bi ta hannun wakiliya, kuma ina bin ta da gajeren bayani. Gafaka, misali, sun karɓi sunanta yadda yake.

Akwai tambayar da za ka sha ji: "Legit po ba?" Wato, gaskiya ne ko damfara? Suna yi wa junansu ma wannan tambayar, domin an cuci mutane da yawa a cinikin intanet, amma idan suka ga Najeriya sai ta ƙara nauyi. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, domin na san irin gumin da dukawanmu ke zubarwa a kan kowace jaka. Wasu sun ba ni shawarar in ɓoye ƙasar, in rubuta Afirka kawai. Na ƙi, kuma ina ba ka shawarar ka ƙi. Ranar da mai saye ya gano ka ɓoye abu ɗaya, zai ɗauka ka ɓoye goma. Maganin zargi shi ne a gan ka. Sa fuskarka a shafin. Ɗauki gajeren bidiyo na hannun baduku yana huda fata da basilla yana jan zare, da majemi yana jiƙa fata a ruwan bagaruwa, da ƙofar Doka in ka biyo ta da kaya a bayan babur. Ba su labarin jar fatar akuyar ƙasar Hausa, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Wannan labarin gaskiya ne, namu ne, kuma babu masana'antar da ke zuba jakunkunan roba a kasuwarsu da za ta iya ba da irinsa. Bidiyon da ya fi jawo mini tambayoyi ba shi da kiɗa ko ado, dattijon baduku ne kawai yana goge bakin jaka, ana jin kiran sallar la'asar daga nesa.

Sannan ka roƙi duk wanda ya saya ya turo hoto ko bidiyon buɗe kunshi, ka ɗora da izininsa. Rufe suna da adireshi da lambar waya kafin ka ɗora. Suna da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma ko babu doka amana ce. Hoton wata malamar makaranta a Cebu rataye da jakarka ya fi duk tallar da za ka biya. In za ka ba masu tasiri a TikTok kaya su nuna, bar wakili ya zaɓo ƙanana na birninsa, waɗanda mabiyansu ke yi musu magana suna amsawa.

Farashi a peso za ka rubuta, a fili, a kan kowane hoto, tare da kuɗin aikawa ko kuma ka haɗe shi ciki ka ce aikawa kyauta, abin da suke matuƙar so. Duk da haka za a tambaye ka "HM po?", ka amsa da fara'a. Sun iya taya kamar mu: "tawad" ita ce neman ragi, don haka ka bar ɗan wurin sallamawa a cikin kuɗin. Sun san gyara ma. Ni ina jefa ɗan maƙalin makulli na fata, daga ragowar yanka, a cikin kowane kunshi, kuma sau da yawa shi ake fara nunawa a bidiyo. Kalmar da kake nema a bakinsu ita ce "sulit", wato kuɗi bai tafi a banza ba. Wadda ta fi ta kuwa "suki": mai saye da mai sayarwa da suka saba da juna, irin wanda a kasuwar Sabon Gari ake ɗebe wa mai kyau a ajiye kafin ya zo. Ina da littafi da nake rubuta sunan kowace suki da launin da take so, kuma in sabon kaya zai tashi su nake fara sanarwa kafin shafin ya gani.

Sayarwa kai tsaye ta bidiyo babbar kasuwa ce a can. Mai kaya yana ɗaga abu ɗaya ɗaya da lambarsa, mai so ya rubuta "mine" da lambar, wanda ya riga shi ke da kaya. Wakiliyata ce ke yi, domin kayan suna hannunta kuma ta iya raha da harshensu. Ni nakan shigo na minti goma in gaisa in amsa tambaya a kan fata. Kafin ka shiga, tabbatar wayarka a cike take kuma kana inda sabis ke da ƙarfi. Akwai masu cewa "mine" su ɓace, har suna da sunan da ake kiran irinsu, don haka sa ƙa'ida tun farko: wanda bai biya ko bai tabbatar ba cikin kwana ɗaya, kaya ya koma kasuwa.

Kalandarsu ka rataye ta kusa da tamu. Yawancin ma'aikata sau biyu suke karɓar albashi a wata, ranar 15 da ranar 30, kuma a kwanakin ne hannu ke sakewa. Kuɗin tallarka a nan za ka zuba shi, ba a ranar 10 ko 25 ba. Manyan shagunan intanet suna yin gagarumin ragi a ranakun 9.9 da 10.10 da 11.11 da 12.12, wato 9 ga Satumba, 10 ga Oktoba, 11 ga Nuwamba da 12 ga Disamba, mutane kuma suna jira. Shirin Kirsimeti tun 1 ga Satumba yake farawa, wata huɗu cur ana sayen kyaututtuka, kuma dokarsu tun 1975 ta wajabta biyan albashin wata na goma sha uku kafin 24 ga Disamba ta wuce. Mafi yawansu Katolika ne, kusan kashi 79 cikin ɗari a ƙidayar 2020, don haka a makon Ista, musamman Alhamis da Juma'a, gari yakan yi tsit, sassauta talla. Haka in guguwa ta faɗa musu. Kusan ashirin ke shiga yankinsu a shekara, kuma har yau ba su manta da wadda suke kira Yolanda ba, da ta ragargaza Tacloban a Nuwamban 2013. Ranar da ruwa ya ci gidaje ba ranar ɗora hoton jaka ba ce. Dakatar da tallar da ka tsara, ka aika wa suki ɗinka saƙon jaje ɗaya ɗaya, ka tambayi wakili lafiyar iyalinsa kafin ka tambaye shi kaya.

Akwai kuma kasuwar da ta fi kusa da zuciyata. Musulmin Filifin kusan miliyan bakwai ne, yawancinsu a Mindanao da tsibiran Sulu, inda Musulunci ya isa tun ƙarni na 14. Suna da yankin cin gashin kai na Bangsamoro da aka kafa a 2019, da garuruwa irin su Marawi da Cotabato, a Manila kuma unguwar Quiapo ce matattararsu, wajen masallacin nan mai ƙubbar zinariya. Ƙaramar sallah da babba duk ranakun hutu ne a ƙasar. Da su sallama ce ke buɗe ciniki. Tambayarsu ta farko fatar wace dabba ce, don haka rubuta a fili: akuya ce ko tunkiya, yankan Musulmi. Gafaka a wurinsu ta fi tafiya, musamman gab da azumi, kuma ina ganin masu hula da masu ɗinkin aska takwas na cikin birni suna da abin nema a nan fiye da ni.

Wata rana za a ce maka ka haɗa da man kaɗanya ko sabulun salo, tunda ana nema. Ni ma an ce mini. Yi hattara: duk abin shafawa ko na ci yana ƙarƙashin hukumar abinci da magungunansu, mai shigo da shi sai da lasisi, kowane kaya kuma sai an shigar da bayaninsa kafin a sayar. Na bar shi har sai ranar da muka shirya bin wannan hanya. Ta ɓangarenmu, yi rajistar kasuwanci a CAC, ka yanki takardar mai fitar da kaya a hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP a bankinka, kuɗin kuma su dawo ta banki. Ta ɓangarensu, kunshin da darajarsa ba ta wuce peso 10,000 ba ba a biya masa kuɗin fito. Abin da ya haura haka akwai fito da harajin kashi 12 cikin ɗari. Saka wannan a lissafi kafin ka yanka farashi, kuma ka rubuta ainihin darajar kaya a takarda.

Saura danshi, wanda babu wanda ya gargaɗe ni a kansa. Fatar da ta saba da iskar hunturun Zariya, in ta sauka a ƙasar da teku ya kewaye, ana ruwa daga wajen Yuni har Nuwamba, fumfuna takan kama ta a cikin kabad. Kashi na biyu da na tura, jakunkuna huɗu suka yi fari-fari kafin a sayar. Na ce wa wakiliya kada ta sayar da ko ɗaya, asarar tawa ce, kuma muka ɗauki bidiyo muka yi wa mabiyan shafin bayanin abin da ya faru da yadda ake kauce masa. Yanzu kowace jaka sai ta sha iska a inuwa kwana da kwanaki har warin jima ya lafa, a shafe ta da mai, a sa ta a jakar yadi maimakon leda, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. A ciki akwai ƙaramin kati da wakiliya ta rubuta da Taglish: a rataye ta inda iska ke kaɗawa, in ruwa ya taɓa ta a goge a bar ta ta bushe a inuwa, kada a kai ta rana.

Kayan Kirsimeti kuwa daga baya ake lissafa su. In kana so hotunanka su fita ranar 1 ga Satumba kaya na hannun wakili, to kunshin ya bar Zariya a farkon Agusta, dukawa su karɓi aiki tun Yuni, fata kuma a saye ta tun kafin damina ta kankama, lokacin da take bushewa da kyau a majema. Ni nakan kai wa dukawana launukan da suki suka zaɓa a rubuce, da rabin kuɗin aiki a hannu, domin a watannin nan su ma gona tana kiran su.